Daga Bundu zuwa Landan: Tafiyar Ayuba Sulaiman Jallo da Hotonsa

Hoton Ayuba Sulaiman Jallo zane ne na fentin mai a kan ƙyalle, wanda wani Baturen Ingila mai suna William Hoare ya yi a Landan a shekarar 1733. Tsayinsa ya kai santimita 76, faɗinsa kuma 64. An ɗauko mutumin daga ƙirji zuwa kai, aka bar bayansa da duhu domin hasken ya taru a fuska da tufa. Yana sanye da farar riga, da farin rawani naɗe a kan jar hula, gashinsa ya leƙo ta gefen kunnuwa. A wuyansa an rataye littafi mai jan bango, wanda masana suka tafi a kan cewa Alƙur'ani ne. Fuskar doguwa ce, siririya, da ɗan gemu, idanun kuma suna duban mai kallo cikin natsuwa.

Masana tarihin zane suna lissafa shi a matsayin hoton fentin mai mafi tsufa da aka sani a Birtaniya na ɗan Afirka da ya fito daga bauta. Kafin shi, in baƙar fata ya bayyana a zanen Turawan Ingila, galibi yaron gida ne a gefe, yana riƙe da linzamin doki ko faranti domin a nuna arzikin ubangidansa. A wannan karon shi kaɗai ne a cikin hoton, da sunansa, da tufafin da ya zaɓa da kansa. Hanyar da ta kai shi gaban mai zanen ta ratsa nahiyoyi uku cikin ƙasa da shekara uku.

Mafari: ƙasar Bundu

Bundu tana gabashin Senegal ta yau, tsakanin kogin Senegal da kogin Gambiya, kogin Faleme ya yi mata iyaka ta gabas. Wani malami Batoranke daga Futa Toro, Malik Si, ya kafa ta a ƙarshen ƙarni na 17, kuma masu mulkinta sun riƙe sarauta da limanci a hannu ɗaya. Ƙasa ce ta noma da kiwo, kuma mararrabar fatake, domin zinariyar Bambuk da ƙaro da shanu da bayi duk ta nan suke bi zuwa bakin ruwa.

A nan aka haifi Ayuba wajen shekarar 1701. Mahaifinsa, Sulaiman, babban limami ne, kuma bisa abin da Ayuba ya gaya wa marubucin tarihinsa, kakansa Ibrahim ne ya kafa garinsu ya kuma shugabance shi. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa tare da Sambo, ɗan sarkin Futa, wanda daga baya ya hau gadon sarauta. Yana ɗan shekara 15 ya haddace Alƙur'ani, ya fara taimaka wa mahaifinsa a limanci. Lokacin da ya bar gida yana da mata biyu da 'ya'ya huɗu, maza uku da mace ɗaya.

Zangon farko: kogin Gambiya

A farkon shekarar 1731 labari ya iso Bundu cewa jirgin Ingilishi ya tsaya a kogin Gambiya. Malam Sulaiman ya aiki ɗansa da bayi biyu ya sayar, ya sayo takarda da wasu kayan buƙata, ya kuma gargaɗe shi kada ya ƙetare kogin, domin akwai gaba tsakaninsu da Mandinkawan ƙetaren. Jirgin shi ne Arabella, kyaftin ɗinsa kuma Pike. Ciniki bai faɗa ba. Ayuba ya sallami barorin da suka rako shi, ya ɗauki tafintansa Lamin, ya ƙetare ruwa, ya musanya bayin da shanu.

A hanyar dawowa ya sauka gidan wani aboki domin ya huta, ya kwance takobinsa da wuƙarsa da kwarin kibau ya rataye saboda zafi. Nan wasu mahara suka faɗa masa, suka kama shi tare da Lamin. Suka aske musu kai da gemu domin su yi kama da kamammun yaƙi, suka kai su Jowar suka sayar wa Pike, mutumin da Ayuba ya yi ciniki da shi kwanaki kaɗan da suka wuce. Kyaftin ɗin ya gane shi, ya yarda a fanshe shi, aka tura manzo Bundu. Amma tafiyar ta kusan mako biyu ce, kuma kafin fansa ta iso jirgi ya ɗaga.

Zango na biyu: Maryland

Arabella ta sauke kayanta a Annapolis, a yankin Maryland na Amurka, wanda a lokacin yana ƙarƙashin Ingila. Dillalin jirgin, Vachell Denton, ya sayar da Ayuba ga wani manomin taba mai suna Tolsey a tsibirin Kent. Aikin taba ya fi ƙarfin mutumin da ya tashi tsakanin allo da tawada, ya kwanta ciwo, sai aka mai da shi kiwon shanu. Yakan bar shanun ya shiga daji ya yi salla, wani yaron Bature kuma ya riƙa bin sa yana watsa masa ƙasa a fuska. Da abin ya ishe shi ya gudu. Ba shi da takardar izinin tafiya, ba ya jin Turanci, don haka aka kama shi aka tsare a kurkuku a tsakiyar shekarar 1731.

A can wani lauya, Thomas Bluett, wanda daga baya ya rubuta tarihinsa, ya gan shi. An ba shi alƙalami ya rubuta layuka da Larabci, ya karanta su, aka ji sunan Allah da na Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An miƙa masa giya ya ƙi karɓa. Daga nan suka gane Musulmi ne mai ilimi. Wani tsohon bawa mai jin Wolof ya yi tafinta, aka gano ubangidansa, aka mai da shi. Tolsey ya sassauta masa aiki, ya ware masa wurin salla.

Ayuba ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci, ya ba Denton domin a kai wa Pike. Wasiƙar ta bi ta Landan, ba ta sami Pike ba, ta faɗa hannun James Oglethorpe, babban jami'i a Royal African Company, kamfanin Ingila mai fataucin bayi da zinariya a gaɓar Afirka ta Yamma. Oglethorpe ya sa aka fassara ta a Jami'ar Oxford, abin da ke ciki ya taɓa shi, ya ɗauki alkawarin biyan fam 45 domin a kawo marubucinta Ingila. Takarda ya fito saye daga gida, takarda kuma ta fitar da shi daga gonar taba.

Zango na uku: Landan

A watan Maris na 1733 ya shiga jirgi mai suna William tare da Bluett, suka isa Ingila a watan Afrilu. A cikin jirgin bai bar salla ba, ba ya cin nama sai wanda ya yanka da hannunsa, kuma a nan ya tsinci Turancin da zai iya magana da shi. Sun tarar Oglethorpe ya tafi Amurka kafa yankin Jojiya. Ayuba ya shiga fargabar kada a sake sayar da shi, ko a ɗora wa iyalinsa fansar da ba za su iya biya ba. Abokan da ya yi a Landan da Cheshunt suka yi karo-karo, suka biya fam 59 da sule 6 da 'yan kwabbai, aka ba shi takardar 'yanci.

Wata goma sha biyar da ya yi a Ingila sun kai shi gidajen da ko Turawan ƙasar kaɗan ne ke shiga. Ya fassara wa likita Sir Hans Sloane rubuce-rubucen Larabci da ke cikin tarin kayansa, tarin da ya zama harsashin gidan tarihi na British Museum a 1753. An ɗinka masa rigar siliki irin ta ƙasarsu, ya shiga fada da ita ya gaida Sarki George na Biyu da iyalinsa, Sarauniya Caroline ta ba shi agogon zinariya. Duke na Montagu, ɗaya daga cikin manyan masu sarautar ƙasar, ya riƙa gayyatarsa gida, ya haɗa masa kayan aikin noma, ya sa aka koya masa amfani da su. Ƙungiyar masana ta garin Spalding ta ɗauke shi mamba. Duk da wannan zirga-zirga ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau uku, ba tare da ya duba kwafin baya ba yayin rubuta na gaba. Malaman Kirista sun yi muhawara da shi a kan tauhidi, ya karanta Linjila da Larabci, ya tsaya a kan addininsa cikin ladabi.

Karramawar ba ta rasa lissafi a bayanta ba. Kamfanin yana neman ƙofar shiga kasuwar ƙaro da zinariya ta cikin ƙasa, wadda Faransawa suka fi ƙarfi a kanta ta kogin Senegal, kuma ɗan babban gida daga Bundu abokin hulɗa ne mai tsada.

Zaman zane

Abokansa ne suka nemi a zana shi kafin ya koma. Bluett ya rubuta cewa da farko ya ƙi, saboda ƙyamar da yake yi wa hotuna, sai da aka tabbatar masa cewa ba bauta wa hoton za a yi ba, abin tunawa da shi kawai ake so. Da Hoare ya gama fuska, ya tambaye shi irin tufafin da za a sa masa. Ayuba ya ce na ƙasarsu. Mai zanen ya ce ba zai iya zana abin da bai taɓa gani ba, sai dai in wanda ya gani ya siffanta masa. Ayuba ya mai da masa da tambaya: in haka ne, yaya wasu masu zane suke ƙarfin halin zana Allah, wanda babu idon da ya taɓa ganinsa? Gani ya kori ji, kuma mai zanen da kansa ne ya kafa hujjar.

Wannan labari shi ne mabuɗin hoton. Mutumin da aka aske wa kai da gemu a bakin kogin Gambiya domin a shafe asalinsa, shi ne ya tsaya a kan a mai da masa rawaninsa da rigarsa da littafinsa. Hannun na Hoare ne, amma siffar da ta wanzu zaɓin Ayuba ce.

Mai zanen

An haifi William Hoare wajen 1707 a yankin Suffolk. Ya koyi zane a Landan a wurin wani ɗan Italiya, Giuseppe Grisoni, ya bi shi Italiya a 1728, ya ƙara karatu a birnin Rum a hannun Francesco Imperiali. Lokacin da ya zana Ayuba bai kai shekara talatin ba, ba a san shi ba, kuma wannan hoton yana cikin ayyukansa mafiya tsufa da suka rage. Wajen 1738 ya zauna a Bath, garin maɓuɓɓugar ruwan zafi inda masu sarauta da attajiran Ingila ke zuwa jinya da hutu. Nan ya sami kasuwa. Ya yi suna wajen zane da alli mai launi, ya kuma zana manyan masu riƙe da mulkin ƙasar da fentin mai, ciki har da Firayim Minista Henry Pelham, da ɗan'uwansa Duke na Newcastle, da Lord Chesterfield, da William Pitt babba. Shi ne kan gaba a Bath har zuwan Thomas Gainsborough a 1759. Yana cikin mambobin farko na makarantar zane ta Royal Academy, ya kuma rasu a Bath a watan Disamba na 1792.

A hotunan waɗannan manya, muƙami yana fitowa ta rigar ofis da takardun mulki da kujera. A na Ayuba babu kujera, babu tebur, babu gini a baya. Hoare ya yi amfani da launuka kaɗan, fari da ja da ruwan ƙasa, ya zuba ƙwarewarsa a kan hasken goshi da kunci da laushin kallon. Tsarin da ya bi shi ne wanda ake bi wa mutumin kirki mai daraja a Ingila ta wancan zamani, bai rage komai ba.

Komawa gida

Ayuba ya bar Ingila a watan Yuli na 1734, ya sauka a sansanin James da ke bakin kogin Gambiya ran 8 ga Agusta. Tsibirin da sansanin yake shi ne aka sauya wa suna zuwa Kunta Kinte a 2011. Wakilin kamfani Francis Moore ya raka shi sama da kogi, ya kuma rubuta abin da ya gani a littafin tafiyarsa na 1738. A Damasensa suka ci karo da wasu daga cikin mutanen da suka kama shi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, Moore ya tausshe shi. Da ya tambaye su labarin sarkinsu, suka ce ya mutu, ƙaramar bindigar da ke cikin kayan da aka biya kuɗin Ayuba da su ce ta tashi ta harbe shi.

Manzon da ya tura Bundu ya dawo da labari mai nauyi. Mahaifinsa ya rasu, amma sai da ya ji ɗansa yana raye. Ɗaya daga cikin matansa ta yi aure, yaƙi kuma ya cinye dukiyar ƙasar. Ayuba bai zargi matar ko mijin ba, domin ya tafi inda ba a taɓa ganin wanda ya dawo ba. Ya isa gida a 1735 tare da wakilin kamfani Thomas Hull. A 1736 Faransawa suka tsare shi na kusan shekara guda saboda hulɗarsa da Ingilishi. Bai manta da Lamin ba, ya yi ta rubuta wasiƙu har aka fanso shi daga Maryland da taimakon Duke na Montagu, ya dawo a 1738. Ayuba ya rasu a 1773.

Bai fita daga harkar bayi ba. Moore ya rubuta cewa a Jowar ya sayar da wasu kyaututtukansa ya sayi baiwa da dawaki biyu. Abin da ya nema daga kamfani shi ne a bar duk Musulmin da aka kawo sayarwa ya fanshi kansa da wasu bayi biyu. Bayin nan biyu da ya musanya da shanu a 1731 kuwa, babu wanda ya rubuta sunansu.

Hoton a idon mutumin karkarar Kano

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Dawanau zuwa Bichi, yana ratsa ƙasar da gona ke manne da gona, gero da dawa da gyaɗa da wake a ƙarƙashin ɗorawa da gawo da tsamiya, ƙauye na hango ƙauye. Mutumin wannan yanki ba ya buƙatar tafinta kafin ya karanta hoton Ayuba. Farar riga da rawani a kan jar dara su ne shigar liman da hakimi ranar Juma'a. Littafin da ke rataye a wuya ɗan'uwan gafakar da alaramma ke saɓawa ne, haddar da ta ba Turawan Landan mamaki kuma ita ce aikin yau da kullum a tsangayun yankin, inda gwani ke rubuta Alƙur'ani da ka. Takardar da malaman Kano na da suka yi rubutu a kanta, mai tambarin wata uku, daga Italiya take zuwa ta Tarabulus a bayan raƙuma, kamar yadda ta Bundu ke zuwa ta jiragen Gambiya.

Irin gidan da ya fito ma sananne ne. Dambazawan Ɗambatta masu sarautar Sarkin Bai, da Yolawan Dawakin Tofa masu sarautar Madaki, zuriyar malaman Fulani ne da jihadin farkon ƙarni na 19 ya mai da su masu mulki. Bundu ta riga su bin wannan tafarki da fiye da shekara ɗari. Kakannin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Toronkawa ne daga Futa Toro, tushen da Malik Si ya fito, kuma Shehu yana ɗan kimanin shekara 18 Ayuba ya rasu. Ɗari-ɗarin da Ayuba ya yi da hoto shi ma ba baƙo ba ne. Adon tsofaffin zaurukan ƙasar Kano zanen dagi ne da sarƙaƙƙun layuka, ba fuskar mutum, ko da yake yau hotunan sarakuna da na Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a Senegal sun cika shaguna da jikin motoci.

Ɗaya ɓangaren labarin shi ma yana nan kusa. Fanisau, arewa da birni kaɗan, ribaɗi ne da Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya ƙarfafa lokacin yaƙinsa da ɗan tawaye Ɗantunku, kuma a can matafiyi Hugh Clapperton ya sami sarkin a 1824. Gandayen sarki da na manya da suka kewaye garin, bayi ne suka noma su har bayan zuwan Turawa a 1903, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya. Duniyar da malami zai tashi sayen takarda da kuɗin bawa ba ta Bundu kaɗai ba ce. Mai kallon hoton da gaskiya yana ganin mutuncin da Ayuba ya riƙe, yana kuma tuna waɗanda aka sayar ba su da alƙalamin rubuta wasiƙa.

Tafiyar hoton

Bayan komawar Ayuba, jama'a sun san fuskarsa ne ta kwafin da aka buga. Mujallar Gentleman's Magazine ta fitar da ɗaya a 1750, gefe da gefe da hoton William Ansah Sessarakoo, ɗan wani basaraken Fante na Anomabo a Gana ta yau, wanda shi ma aka sayar aka kuma fanso. Ainihin zanen ya shige hannun wani iyali a Ingila, har aka ɗauka ya ɓata. Ya sake bayyana a watan Disamba na 2009 a gidan gwanjo na Christie's a Landan, hukumar gidajen tarihi ta ƙasar Katar ta saye shi.

Gwamnatin Birtaniya ta dakatar da fitar da shi na wani lokaci saboda muhimmancinsa ga tarihin ƙasar, gidan hotuna na National Portrait Gallery kuma ya buɗe gidauniyar neman fam 554,937 domin ya saye shi. Daga baya aka daidaita. Hoton ya zauna mallakin Katar, aka ba gidan hotunan aronsa, aka fara nuna shi a Landan a watan Janairu na 2011. An zagaya da shi wasu garuruwan Ingila, ciki har da Liverpool, tashar da jiragen bayi masu yawa suka tashi daga gare ta, marubucin Nijeriya Ben Okri kuma ya yi masa waƙa. Akwai wani ƙaramin hoton Ayuba da ake danganta wa Hoare, wanda aka saya a 2014 domin gidan tarihin juyin juya halin Amurka da ke Yorktown a jihar Virginia. Ɗaya daga cikin Alƙur'anan da ya rubuta a Landan ya fito gwanjo a 2013, yana kuma cikin tarin Dar El-Nimer a birnin Beirut na ƙasar Labanan.